Gwiwa Bibbiyu a Kan Yashi

Da hantsi Auta ta yaye jan ƙyallen da aka lulluɓe akwatin gilashin da shi, da niyyar ta goge shi kafin baƙi su iso. Akwatin na nan a kulle, gilashinsa ko tsaga babu, ɗan matashin da ke ciki har da lotsawar da abin ya bari. Sarewar ce kawai babu.

Ba kuwa sarewar banza ba ce. Ta azurfa ce, ta wani mabushi da mutanen wata ƙasa mai nisa suke ji da shi, wanda ya rasu tun zamanin kakannin kakanni. Ofishin jakadancinsu ne ya roƙo ta daga gidan tarihinsu, aka kawo ta cibiyar al'adu ta garin don baje kolin zumuncin ƙasashen biyu, wanda za a buɗe a ranar da la'asar. An kuma gindaya sharaɗi tun daga can: babu hannun da zai taɓa ta, babu bakin da zai busa ta. Minista zai zo, za a sa hannu a kan yarjejeniyar musayar ɗalibai, an fente bango, an ɗinka wa ma'aikata riguna iri ɗaya.

Kafin Auta ta gama salati, labari ya zaga cibiyar har ya dawo.

"Ba fasawa aka yi ba, buɗewa aka yi."

"To wa ke riƙe da makulli?"

Kowa ya san amsar tana rataye a wuyan Auta da baƙin zare. Darakta, mutumin da gumi ke karyo masa ko da fanka na kansa, ya sa aka zazzage jakarta a kan tebur a gaban kowa da kowa. Kwalbar turare ta gangara, man shafawa, ragowar biskit, hoton 'yarta da kayan makaranta. Masu shara da masu jera kujeru, waɗanda jiya-jiyan nan suke cin abinci kwano ɗaya da ita, suka tsaya suna leƙe. Sannan Darakta ya miƙa hannu, ta cire makullin daga wuyanta ta ba shi.

*

Sufeton da aka turo, ba wanda ke tuna sunansa na yanka. Sunkuyau ake ce masa, don tun yana ƙaramin ɗan sanda a sashen bin sawun dabbobin sata bai taɓa fara duban mutum daga fuska ba. Matarsa takan ce ta auri mutumin da ya fi sanin dunduniyarta a kan hancinta. Shi kuwa abin da ke damunsa a duniya ɗaya ne: tambaya in ta shige masa kai, ba ya iya cin abinci sai ta fita.

Kwamishina ya gaya masa a waya ba tare da kwana-kwana ba. "Kafin la'asar ina son ɗayan biyu, ko sarewa a akwati ko mutum a ankwa. An ce ma akwai wadda ake zargi."

"Yallaɓai, ƙanwar matata ce."

"Na sani. Da ina da wani mai bin sawun da ban kira ka ba."

Auta a gidansa ta girma, shi ya kai ta makaranta a bayan keke. Duk sanda ta hango shi tafe kai a ƙasa sai ta ce, "Yaya, me ka yar kuma?" Yau ya same ta zaune a kan benci a bakin ofishin Darakta, hannu bibbiyu a cinya, ba ta ce masa komai ba. Wannan shirun ya fi masa ciwo a kan kuka.

Ofishin jakadanci bai turo kowa ba sai Tafinta, wata 'yar garin mai tabarau da dogon takalmi. Sunkuyau ya tambaye ta makulli nawa akwatin yake da su. Ta buga waya, ta saurara, ta dawo da amsa a tsanake, kalma bayan kalma.

"Sun ce makullin da suka ba cibiya ɗaya ne."

Darakta ya dubi Sufeto da irin duban nan na ka ji ko. Sunkuyau ya sosa ƙeya. Shi dai ya san abin da ya tambaya, ya kuma ji abin da aka amsa, kuma ba su yi masa kama da juna ba. Ya adana abin a ransa ya fita tsakar gida.

*

Allah ya taimake shi da son burgar Darakta. Jiya da yamma, ana cikin gwajin bikin, wanda Jakadan waccan ƙasar ya halarta da kansa, an zuba sabon yashi a farfajiyar gefe inda manyan motoci za su tsaya, aka baje shi, daga baya aka yayyafa ruwa. Yau kuwa tun asuba Maigadi ya tsare wurin da kulki, ya hana kowa takawa don kada a ɓata wa Minista. Duk wanda ya bar sawu a nan, jiya ya bar shi.

Sunkuyau ya tsuguna a bakin ƙofar gefe, ransa ya yi sanyi kamar yadda yake yi duk sanda ya ga ƙasa mai magana. Ga takalmin roba mai zurfin zane, ya nufi katangar baya. Ga takalmin fata mai sulɓi, dogon taku, ya nufi inda tayoyin mota suka kwana suka tashi. Ga tsinin dogon takalmin mace a gefensa. Ga silifas da ɗigon sanda, mai gajeren taku. Ga kuma wani shimfiɗaɗɗen takalmin mata da ya ƙi yarda ya duba sosai tukuna.

"Wa ya haura katanga?" ya tambayi Maigadi.

Maigadi ya zaro ido. "Katangata? Ina nan?"

Sawun robar ya kai shi gindin katanga, inda aka jingina bulo biyu. Mai irin takalmin bai yi wuyar samu ba, yana kan tsani a cikin zaure yana ɗaura fitilu. Mai Gyaran Wuta ne, dogon saurayi mai wayoyi a wuya. Da ya ga kaki sai da tsanin ya yi rawa.

"Ofisa, wallahi ni ko akwatin ban kusanta ba."

"Ban ce ka kusanta ba. Ƙofa a buɗe, me ya kai ka katanga?"

Saurayin ya leƙa ta taga ya tabbatar Maigadi na nesa, sannan ya rage murya. "Akwai mai sayar da shayi a bayan katangar nan."

"Shayin ne ba ya jira a zagayo?"

"'Yarsa ce, Ofisa. 'Yar Maigadi. Ya ce in ya ƙara ganina a rumfarta sai ya karya min ƙafa."

Masu jera kujeru da suka kasa kunne suka yi ta murna an kama ɓarawo, har wata ta ce ita tun farko idonsa bai yi mata ba. Sunkuyau ya koma ya sake duban sawun. Cikin kowane taku na robar akwai 'yan ramukan ɗigon ruwa. Ke nan ya wuce kafin a yi yayyafi, lokacin zaure cike yake da mutane, sarewa kuma na kwance a gaban idon kowa. Ya ce wa saurayin ya hau tsaninsa, amma ya nemi manyansa su je su ga Maigadi, don katanga ba ta ɗaura aure.

*

Saura takalmin da yake gudun dubawa. Ya san shi, domin da shi aka je kasuwa aka saye shi. Ya shiga ta ƙofar gefe ya fito, kuma a wuri ɗaya ya taka kan sawun tayar mota. Mai shi ta zo ne bayan motar Jakada ta tafi.

Ya zauna kusa da ita a bencin. "Auta, kin ce wa Darakta da kika kulle kika tafi ba ki dawo ba."

Ya nuna takalmin da ke ƙafarta.

"Ƙafarki ta ce kin dawo."

Sai hawaye. "Yaya, ka san halina. Ko tukunya na rufe sai na koma na duba. Na kai bakin titi zuciyata ta ce ba ki kulle ba, ba ki kulle ba. Na dawo, Maigadi na alwala bai gan ni ba, na taɓa murfin ta saman ƙyalle na ji shi gam, na juya."

"Ba ki ɗaga ƙyallen ba?"

"Da na ɗaga ai da ban kwana ba."

"To me ya sa kika ɓoye?"

"Ka ga yadda suke kallona? In na ce na dawo ni kaɗai, wa zai tsaya ya ji sauran?"

Gaskiyarta, ba wanda zai tsaya. Ya yarda da ita, amma yardarsa ba hujja ba ce, kuma abin da ya tono da hannunsa shi ne zai fi komai ɗaure ta. A karon farko tun da ya shigo, tsoro ya kama shi sosai. Ya hango kansa yana shiga gida da daddare matarsa na tambayarsa ina Auta. Ladan ya kira azahar, bai ji yunwa ba.

*

Da ya idar da salla ya koma kan yashin, don ba shi da wani wurin zuwa. Sawun silifas da sanda ne kaɗai bai bi ba, saboda kowa ya riga ya gaya masa mai shi: Baba Mai Busa, tsohon da aka gayyato ya yi busa a wurin buɗewa, wanda ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Ya bi shi dai, don ƙafa ba ta san mutunci ba.

Takun ya fito daga ƙofa da ɗan sauri, saurin tsoho, sanda na caka ƙasa kusa-kusa. Bai nufi ƙofar fita ba, motar ya bi. Sai a tsakiyar fili takun ya tsaya. A nan Sunkuyau ya ga abin da ya sa ya cire hularsa ya ajiye a gefe.

Ramuka biyu ne zagayayyu, kusa da juna. A bayansu yatsun silifas sun kafe a ƙasa. A hannun dama ga doguwar shaidar sanda da aka kwantar, ba faɗuwa ta yi ba, ajiye ta aka yi a hankali. A gaba kuma ga tafin hannu ɗaya. Duka suna fuskantar inda motar ta karya kwana ta fita.

Da farko ya ce ko faɗuwa tsohon ya yi. Amma wanda ya faɗi yakan tona ƙasa, yakan bar ja da birgima. Wannan durƙusawa ce, gwiwa bibbiyu, da gangan. Ya bi ɓarayin shanu da na awaki shekara da shekaru, ya ga sawun mai sanɗa, ya ga na mai gudu, ya ga na mai tafiya da baya don ya ɓatar da mabiya. Bai taɓa ganin wanda ya durƙusa wa mota ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya kai ta ƙasa a banza. Godiya ce wannan, to godiyar me?

"Yaya Baba ya fita jiya?" ya tambayi Maigadi.

"Lafiya lau, da jakarsa a kafaɗa. Ina rufe ƙofa bayan motar ya zo ya kama hannuna, ya ce duniya da sauran mutanen kirki. Na zaci ni yake nufi."

Tafinta na zaune a inuwa tana fifita da takardar gayyata. Sunkuyau ya tambaye ta ko tana tare da Jakada jiya har suka fita.

"Kusan haka. Da aka watse ya ce in je mota in jira kiran ma'aikatarsu, in an kira in yi masa magana. Ya tsaya da Baba a zaure. Mutum ne mai son kiɗa kamar me."

"Ba ke, da wane baki suka yi hira?"

Ta gyara tabarau, da alamar alfahari. "Da namu mana. Ni nake koya masa, kullum da safe. Yana da ƙoƙari, kunnen ne dai sai a hankali. Ran nan a wani taro ya tashi zai ce manyan baƙi, ya ce ya ku manyan baki. Matar Gwamna sai da aka ba ta ruwa."

Sunkuyau ya yi dariya har ƙasan ransa, ita ce ta farko a ranar. "Zan iya yi masa tambaya biyu?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Sufeto, Jakada ne. Ko Kwamishinanku ba shi da ikon yi masa tambaya. Gaisuwa dai, wannan kowa na iya yi."

*

Bai sha wahalar neman gidan Baba Mai Busa ba. Tun daga bakin lungu ya jiyo sautin, siriri, mai sanyi, irin wanda bai taɓa ji ba. Maƙwabta sun cika ƙofar, tela ya bar kekensa, mata sun leƙo ta katanga. A tsakiya ga Baba Mai Busa a kan tabarma, idanu a rufe, azurfa na walƙiya a yatsunsa. Abin da ƙasashe biyu ke nema, ga shi a fili ana busa wa unguwa.

"Ofisa, bismillah, zauna," in ji tsohon. "Kai ma labari ya kai maka?"

"Ya kai, Baba. Na ce bari in ji daga bakinka."

"Ɗana, tun ina yaro nake busa. An yi min tafi, an yi min alkawari, ba wanda ya taɓa dubana ya ce wannan hannun ya cancanci abu. Sai baƙo daga bayan teku. Na ɗaga ƙyallen ina kallonta ta gilashi, ya ce kana so? Na ce wa zai ƙi. Ya waiga, ya zaro makulli daga aljihun ƙirjinsa, ya buɗe, ya ɗora min a hannu."

"Makulli daga aljihunsa."

"Ƙwarai. Ya ce, na bar maka. Da bakinsa, da harshenmu. Na ce ranka ya daɗe, ni? Ya sake cewa, na bar maka, na bar maka. Sai yarinyar nan mai tabarau ta ƙwala masa kira daga waje, ya fita da sauri yana nuna min akwatin. Na gane nufinsa, in rufe masa. Na rufe ya ce ƙyat, na mayar da ƙyallen yadda na gan shi. Kafin in fito da ƙafafun nan nawa mota ta tashi. A ƙasa na yi godiyata."

Ya jawo wani ƙunshi daga bayansa ya kwance. Tsohuwar sarewa ce ta itace, ta yi baƙi da gumin hannu. "Ta mahaifina ce. Ita zan kai masa anjima. Ba ta kai tasa ba, amma ba ni da abin da ya fi ta."

Sunkuyau ya dubi maƙwabtan, ya dubi tsohon. Kalmar sata tana bakinsa, ya haɗiye ta. Ya ce dai Baba ya shirya su tafi tare, ya riƙo duka biyun.

Suka shiga mota. Abu ɗaya ya tsaya masa. Jakadan da ya san sharaɗin ƙasarsa ba zai yi kyauta da abin da ba nasa ba. Tsohon kuma ba ƙarya yake yi ba, gwiwarsa ta riga ta ba da shaida. Ya yi ta juya kalmomin a bakinsa, a hankali, da sauri, da lanƙwasar harshen baƙo. Direba ya dube shi ta madubi, ya zaci wuridi yake yi.

*

Ya tara su a zauren kafin a buɗe ƙofa ga jama'a: Darakta da guminsa, Maigadi, Mai Gyaran Wuta can nesa da Maigadi, Tafinta, masu shara da masu jera kujeru, da Auta a tsaye kusa da akwatin da babu komai. Ya bar Baba Mai Busa a kan kujera a bayan labule, inda zai ji komai. Kwamishina ya riga ya turo 'yar sanda mace, tana bakin ƙofa da ankwa a ɗamara.

Jakada ya shigo da 'yan rakiyarsa, dogo, mai furfura, idanunsa sun nuna bai sami barci ba. Ya gaida kowa, ya kauce wa duban inda Auta take. Sunkuyau ya lura da ƙafafunsa, ba su tsaya wuri ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, ba tambaya zan yi ba, an ce ba ni da iko," in ji Sunkuyau. "Gaisuwa ce. An ce ka iya harshenmu."

"Kaɗan-kaɗan," in ji Jakada, da ɗan murmushin gajiya.

Sunkuyau ya lalube aljihunsa na dama, ya lalube na hagu. "Kash. Zan rubuta rahoto, ga shi na manta biro. Ko za ka taimake ni da naka, in rubuta in mayar maka?"

Tafinta ta fassara. Jakada ya zaro alƙalaminsa mai ruwan zinariya, ya miƙa da hannu biyu, da jin daɗin ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya sani.

"Na bar maka."

"Kai, na gode! Allah ya saka da alheri." Sunkuyau ya soke alƙalamin a aljihu, ya danna maɓalli a kai, ya juya zai tafi.

Jakada ya bi shi da hannu a miƙe. Ya dubi Tafinta. Ita kuwa ta riga ta dafe baki.

"Na ara maka," ta ce da ƙyar. "Ranka ya daɗe, ara. Na ara maka shi ne ka ba mutum ya dawo da shi. Na bar maka, ya zama nasa ke nan har abada." Ta maimaita masa da harshensu.

Sunkuyau ya ga lokacin da maganar ta isa. Fuskar Jakada ta yi ja, sannan ta yi fari. Sunkuyau ya ja labulen, Baba Mai Busa ya fito da sandarsa, sarewar azurfa a hannu.

Tsohon ya ji komai. Bai yi dogon bayani ba, ya goge sarewar da bakin rigarsa, ya ɗora ta a kan akwatin. "Ashe aro ce," ya ce. "To, kayan aro ba ya rufe katara. Unguwa dai ta sha busa." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Sannan ya miƙa wa Jakada ƙunshin nan. "Wannan kuwa na riga na yi niyya. Yarinya, gaya masa ba kuskure na yi ba."

Jakada ya karɓa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Nan take wani daga cikin 'yan rakiyar ya ja Darakta gefe, suka yi ƙus-ƙus, Darakta ya dawo fuska a sake. An sami mafita, in ji shi. Za a ce an ɗauke sarewar ne don a goge ta, ba a sanar da kowa ba. Ba ɓarawo, ba laifi, ba sunan kowa. Zumuncin ƙasashe ya fi ƙarfin ƙaramar magana. Ya zaro makullin da zarensa ya miƙa wa Auta kamar mai ba yaro alewa.

Auta ba ta miƙa hannu ba.

"Yallaɓai, a gaban mutanen nan aka zazzage min jaka," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Gobe in an ce gogewa aka yi, kowa zai ce an rufa min asiri ne don yayana ɗan sanda ne. Da wannan zan zauna a garin nan, da shi 'yata za ta je makaranta."

Kowa ya san haka ne, har da wadda ta ce idon Mai Gyaran Wuta bai yi mata ba. Sunkuyau ya so ya yi magana, amma ya san nan ƙasa ta gama nata. Abin da ya rage ba a yashi yake ba, kuma ba shi da ikon tambaya.

Jakada ya tambayi Tafinta me aka ce. Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ɗan rakiyar ya matso yana magana da sauri, da alama yana tuna masa gidan tarihi, da sharaɗi, da abin da zai biyo baya in labari ya kai gida. Jakada ya ɗaga masa hannu. Ya sa yatsu a aljihun ƙirjinsa, ya zaro makulli na biyu, ya ajiye a kan gilashin inda kowa zai gani. Sannan ya tako har gaban Auta. Tafinta ta matso don ta fassara, ya girgiza mata kai.

"Ni na buɗe," ya ce, yana ɗaga kowace kalma kamar mai ɗaukar bulo. "Da safe na sani. Na ji tsoro. Na yi shiru." Ya tsaya yana neman sauran. "Na bar ki."

Tafinta ta buɗe baki don ta gyara, bisa sabo, sai ta rufe. Babu abin gyarawa.

Auta ta daɗe tana dubansa, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta waiga ta dubi masu shara da masu jera kujeru ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowannensu ya sunkuyar da kai. Ta karɓi makullinta daga hannun Darakta, ta rataya a wuya, ta ɗauki tsummanta ta fara goge gilashin, don Minista na kan hanya.